Daga PK8 Zuwa Tafkunan Kan Duwatsun Kamaru: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Ɗauki Jaka

Daga Wakilinmu a Libreville

Duk wanda ya san PK8 ya san cewa nan ne ƙofar Libreville ga mai shiga da mai fita. Nan motocin Oyem da Bitam suke lodi, nan kuma manyan motoci suke sauke ayaba da kayan gwari bayan sun kwana suna fama da hanya. Idan ka tambayi mai tumatir ko kabeji ko dankalin turawa daga ina kayansa suka fito, zai ce maka Kamaru, wanda ya ɗan fi sani ya ce Fumbot ko Bafusam. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa abin da ya sa ƙasar can take da albarka shi ne tokar duwatsu masu aman wuta ce, kuma a saman gonakin nan akwai tafkuna da Allah Ya ajiye a cikin bakunan duwatsun, waɗansu a tudun da ya kai mita 2,000 daga gaɓar teku.

Turawa da 'yan boko sun daɗe suna biyan kuɗi su goya jaka su hau can a ƙafa, su kafa tanti su kwana. Yanzu kuwa da hotunan wuraren suka cika wayoyin hannu, yaranmu masu bin motocin kaya su ma sun fara sha'awa, har masu saurarenmu a rediyo sukan tambaye mu ko in mutum ya je sari zai iya ware kwana biyu ya kai ziyara. Amsarmu ita ce zai iya, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. To sai dai tafkin kan dutse yana da ƙa'idojinsa, waɗanda rashin saninsu ya taɓa cin rayuka.

Me ya bambanta su da tafkunan gida?

A nan Gabon babu irinsu. Duwatsun ƙasar da kyar suke wuce mita 1,000, manyan tafkunanta kuma irin su Onange na wajen Lambarene duk a kwari suke, kogin Ogowe ne yake shayar da su. Wanda yake son ganin tafkin tudu sai ya ƙetara Kamaru, inda wani jerin duwatsu masu aman wuta ya taso tun daga tsibiran cikin teku, Sao Tome da Bioko, ya bi ta Dutsen Kamaru da Manenguba da Bambutos da Oku, wani reshe ya nufi Adamawa, wani ya kai har tudun Biu a jihar Borno. Mutanen Biu da suka san tafkin Tila sun riga sun ga ɗan'uwan waɗannan tafkuna.

Yadda suke samuwa shi ne, dutse ya yi aman wuta ya huce, ya bar wawakeken rami a kansa, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa su taru su cika shi. Shi ya sa za ka gan su a kewaye kamar akushi, bangonsu a tsaye, zurfinsu kuma ba kama hannun yaro. Wanda ya saba da tafkin Madarunfa na kusa da Maraɗi, inda yaro kan kutsa ruwa ya yi nisa bai wuce ƙugunsa ba, kada ya ɗauka haka abin yake a can. Taku kaɗan daga baki ƙasa take ɓacewa, ga ruwan da sanyin da yake ɗaure jijiya.

Hanya da tafkunan da ke kanta

Hanyar dai ita ce wadda direbobinmu suka sani kamar yunwar cikinsu. Daga PK8 a bi Ntum da Kango da Bifun, a karya zuwa Njole, a wuce Mitzik da Oyem har Bitam. Daga Bitam ko dai a ƙetare kogin Ntem ta Eboro a faɗa kasuwar Abang-Minko, ko a bi ta Kye-Ossi inda iyakokin ƙasashe uku suka haɗu. Duka biyun Ambam suke fita, sai Ebolowa, sai Yawunde. Daga Yawunde zuwa Bafusam kimanin kilomita 300 ne, Fumbot kuma tana gaba kaɗan a kan hanyar Fumban.

Tafkin da ya fi kusa da ɗan kasuwa shi ne na dutsen Mbapit, tsakanin Fumbot da Fumban, ta wajen ƙauyen Baigom. Wanda ya gama sari da safe zai iya hawa ya sauko kafin magariba, ba sai ya kwana ba. Daga sama ake hangen ruwan can ƙasa cikin rami mai tsayayyen bango, har mutanen wurin sukan ce komai ƙarfin jifanka dutsenka ba zai taɓa ruwan ba. Ga wanda bai taɓa hawa ba, nan ya dace ya fara gwada ƙafarsa da numfashinsa.

Na biyu, wanda kuma shi ne masu goya jaka suka fi nema, shi ne Tagwayen Tafkunan Manenguba, a saman garuruwan Melong da Nkongsamba, kan hanyar Bafusam zuwa Duwala. Ƙololuwar dutsen mita 2,411 ce, tafkunan kuma suna cikin wani faffaɗan fili mai ciyawa da ke kusa da mita 2,000. Ɗaya ana ce masa Namiji, ruwansa kore, gangarensa da wuyar sauka. Ɗaya kuma Mace, ta fi girma, ruwanta shuɗi, kuma ita ce ake iya kaiwa bakinta. Wata 'yar gaɓa ce kawai ta raba su, amma kowane da launinsa. Ƙabilar Bakosi suna girmama wurin matuƙa, Fulani Mbororo kuma suna da rugage a cikin filin suna kiwon shanu da dawaki, don haka Bahaushe ba zai rasa wanda zai yi wa sallama ya amsa ba. Masu hawa ta ɓangaren Melong sukan tashi daga ƙauyen Mburuku, tafiyar awoyi ce mai cin gwiwa ta cikin gonakin kofi da daji, kuma da yawa sukan kwana a sama su sauko washegari.

Na uku shi ne tafkin Tison da ke bayan garin Ngaundere, ga masu bin jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa arewa neman albasa ko shanu. Shi ba wani hawa mai wahala gare shi ba, ɗan ƙaramin tafki ne da itatuwa suka kewaye, ya dace da dattijo da mai iyali.

Akwai kuma wanda ya fi su duka tudu, wato tafkin Oku, mai sama da mita 2,200, a jikin dutsen Oku mai mita 3,011. Dajin Kilum-Ijim da ke kewaye da shi ne yake ba da farar zumar Oku, wadda tun 2013 aka yi mata rajistar da ta hana a kira wata zuma da sunanta. A cikin tafkin akwai wani ɗan kwaɗo da ba a samunsa ko'ina a duniya sai nan. Amma muna faɗa da babbar murya, yanzu ba lokacin zuwa Oku ba ne. Rikicin da ya ɓarke a yankunan masu magana da Ingilishi tun ƙarshen 2016, ya koma na bindiga a 2017, bai lafa ba, kuma satar mutane don kuɗin fansa ta zama ruwan dare a hanyoyin Arewa maso Yamma. Haka nan hanyar hawa Manenguba ta garin Bangem tana cikin yankin Kudu maso Yamma, don haka sai an tambayi mazauna wurin halin da ake ciki kafin a kama ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darasin Monun da Nyos

Ba za a yi maganar tafkunan Kamaru a tsallake abin da ya faru a Monun da Nyos ba, musamman da yake Monun ɗin tana nan arewa da Fumbot, cikin ƙasar da muke sayen tumatir.

A daren 15 ga Agusta 1984 mazauna kusa da tafkin Monun suka ji ƙara, kafin gari ya waye mutum 37 sun rasu a kan hanyar da ta bi ta kwarin. Cikinsu har da fasinjojin wata motar kaya da injinta ya mutu a daidai wurin. Waɗanda suka sauko ƙasa suka faɗi nan take, mutum biyu da suke zaune a saman motar kuma suka tsira. A lokacin an yi ta zargi iri-iri, har da na makamai masu guba. Shekara biyu bayan haka, a daren Alhamis 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos ya saki tasa iskar, ta gangara cikin kwaruruka ta shafe ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta kai nisan kusan kilomita 25. Mutum 1,746 suka rasu, yawancinsu cikin barci, tare da dabbobi wajen 3,500, kuma Fulani makiyaya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Washegari ruwan tafkin ya koma ja kamar tsatsa.

Abin da masana suka gano shi ne, iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa, ita ce take tsattsafowa daga ƙarƙashin dutsen tana narkewa a gindin tafkin. Nyos ya fi mita 200 zurfi, nauyin ruwan sama yana danne na ƙasa kamar yadda murfi yake danne kwalba, iskar ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Ranar da wani abu ya motsa ruwan, sai ta fashe gaba ɗaya. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, saboda haka ƙasa take bi kamar ruwa, tana cika kwari tana korar iskar numfashi. Wannan shi ne sirrin tsirar mutum biyun nan na saman mota, shi ne kuma ya sa waɗanda gidajensu ke kan tudu a Nyos da yawa suka rayu.

Don kada mu tsorata jama'a fiye da kima, bayan 1986 masana sun bi tafkunan Kamaru sun auna, kuma waɗannan biyun ne aka samu da tarin iska mai haɗari. Na uku irinsu a duniya shi ne tafkin Kibu, tsakanin Ruwanda da Kwango. An kafa bututun zuƙe iskar a Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011, a Monun kuma an fara a 2003. Nijeriya ma ta gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba, ɗaya daga dalilanta shi ne tare ambaliya idan bangon tafkin Nyos ya karye. Duk da haka ƙa'idar tana nan ga kowane tafkin bakin dutse: kada a kafa tanti a bakin ruwa ko a gindin kwari, a hau tudu a kwana. Idan an ji ruri daga tafki, ko aka ga fitila da ashana suna mutuwa ba iska, ko tsuntsaye da ƙwari a zube, to a gudu sama, kada a bi gangare.

Tarkon lokaci

Ga wani abu da yake yaudarar mazaunin Libreville. Ranin nan garin daga Yuni ne zuwa Satumba, lokacin da sama take lumshewa ruwa ya ɗauke, yara kuma suna hutun makaranta. Mutum sai ya ga ai lokacin tafiya ya yi. Alhali a yammacin Kamaru wannan shi ne tsakiyar damina, kamar dai a Kano ko Maraɗi, sai dai ruwan can ya ninka. Hanyoyin dutse sukan koma taɓo mai santsi, hazo ya rufe tafkin har ka tsaya a bakinsa ba ka gan shi ba. Lokacin hawa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wato sa'ad da mu nan muke cikin lema. Wanda ya duba saman PK8 ya yanke shawara ya yi kuskuren lissafi tun daga gida.

Sai maganar sanyi. A duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Ke nan in ana digiri 30 a Libreville, a bakin tafkin Manenguba bai fi 17 ba, da dare kuma yakan sauka ƙasa da 10. Mutumin Katsina zai ce ai ya san hunturu. To hunturun gida busasshe ne, na kan dutse kuwa da raɓa da iska yake zuwa, kuma ba abin da yake zuƙe ɗumin jiki kamar jiƙaƙƙiyar riga. Shadda da yadin auduga in sun jiƙe ba sa bushewa da wuri. Idan abokin tafiya ya fara karkarwa ba tsayawa, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe ko yana magana ba kan gado, a tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi da bargo, a ba shi shayi mai zafi da sukari, wani ya manna jikinsa da nasa. Kuma komai sanyi kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti a rufe. Ko a gida mun sha binne mutanen da hayaƙin gawayi ya kashe cikin barci lokacin hunturu.

Ciwon tudu, mai sa ciwon kai da amai da haki, yawanci sai an wuce mita 2,500 yake kama mutum, don haka a waɗannan tafkuna bai cika damuwa ba. Amma mai sikila da mai ciwon zuciya ko asma ko hawan jini ya ga likita tukuna, domin ƙarancin iska a tudu yana iya tayar musu da ciwon.

Kayan jaka

Masu wannan harka sun ce kada jakar goyo ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 70 ke nan kada ya wuce kilo 14. Mun san yaranmu suna ɗaukar buhun albasa a ka, amma ɗaukar buhu daga mota zuwa rumfa daban, hawan dutse na awa biyar daban.

Abin da ba makawa shi ne takalmi rufaffe mai ƙurji a ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi, ban da silifas, ban da sabon takalmi. Sai rigar sanyi da rigar ruwa da hular sanyi da safa biyu, da bargo a naɗe cikin leda, da tocila da ashana su ma cikin leda. Duk waɗannan ana samunsu a gwanjon Mont-Bouet da sauƙi. Ruwan sha aƙalla lita 3 a yini, kuma ruwan tafki ko na rafi inda shanu suke sha sai an tafasa. Abinci kuwa ba mu da abin koyo wurin kowa, don guzurin kakanninmu ya fi na gwangwani: kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, garin rogo da sukari, da ganyen shayi. Kada a ɗauki ɗanyen wake, domin a tudun mita 2,000 ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 93, sai itace ya ƙare wake bai nuna ba.

Takardu su ma kaya ne. Tun 2017 'yan ƙasashen CEMAC suna shiga Gabon ba biza, amma wannan bai haɗa da mai fasfon Nijeriya ko Nijar ba. Shi sai ya tabbata katin zamansa bai mutu ba, yana kuma da izinin fita da dawowa, kada ziyarar kwana biyu ta rufe masa ƙofar rumfarsa. A riƙe katin allurar shawara. Kuɗi kuwa sefar da ke aljihunka a PK8 ita ce ake karɓa a Fumbot.

A hau kamar ayari

Wannan ƙasa ta tudu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fatake sun ratsa ta a ƙafa suna ɗauko goro daga ƙasar Banso, su bi ta Banyo su fita Yola, kuma unguwar Abakwa ta Bamenda da zangon Fumban shaida ne. Abin da ya kai su ya dawo da su shi ne tsari. Ayari yana da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, yana da jagaba da ya san hanya, yana da mai kula da na baya don kada a bar kowa. Suna tashi da asuba, su sauka zango tun rana tana sama, kuma ba sa shiga ƙasar wani sarki ba su kai gaisuwa ba.

Wannan tsarin shi ne dai littattafan masu hawan dutse suke koyarwa a yau. Kada a gaza mutum uku, don in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman taimako. A ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen a biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba, domin hazo yana iya rufe fili cikin mintoci, waya kuma ba ko'ina take kamawa ba. A sanar da maigidan da aka sauka wurinsa inda za a da ranar dawowa. A tsai da lokacin juyawa tun kafin a tashi, in ya yi a juya ko da ana hangen tafkin. A gai da sarkin ƙauye da arɗon ruga. Inda masu wuri suka ce ba a wanka ko ba a jifa, a bari, ko da mutum bai yarda da dalilinsu ba, tun da ƙasarsu ce, kuma bayan mai ziyara ya tafi 'yan'uwanmu mazauna can ne za su ci gaba da zama da su. Leda da gwangwani kuma a dawo da su cikin jaka kamar yadda aka hau da su.

Ga wanda niyyarsa ta yi ƙarfi, shawararmu ita ce ya fara da Mbapit a Disamba ko Janairu, ya ga yadda ƙirjinsa zai yi, in ya ji daɗi baɗi ya nemi abokai su gwada Manenguba. Oku kuwa a bar ta sai Allah Ya kawo zaman lafiya a yankin. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.